Wutsiyar Zakin Bature

A tashar motar Tamale ta ƙasar Gana, zamanin mulkin Turawa, ana gab da zaɓe, wani dattijo yana tsaye kan benci yana zane a bayan wata babbar mota. Gajere ne, gemunsa duk ɗigon jan fenti, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ina jin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama aka manta da shi.

Ya zana jan zakara, alamar jam'iyyar masu neman mulkin kai, wuya a miƙe ƙyam. A ƙasa ga zakin Bature, wutsiya a langaɓe tsakanin ƙafafu. Mata masu koko suna ɓoye dariya a mayafi.

Wani kofur ya matso da kulki. "Baba, wannan zagin gwamnati ne. Ɗaga wutsiyar nan, ko mu tafi caji ofis."

Dattijon bai ko sauko ba. Ya goge buroshi a wando, ya ce cikin ladabi, "Kofur, ai tsufa ne. Abin da ya gagari mai maganin maza, fenti ba ya tayar da shi."

Kofur ya juya da sauri, dariya na girgiza kafaɗunsa.