Sista Sikeli ta Ɗakin Wankin Ƙoda

Ƙarfe shida da rabi na safe take buɗe ɗakin wankin ƙoda, tun mai shara ba ta gama goge baranda ba. Sai ta rataye jakarta, ta wanke hannu har gwiwa, ta bi injina shida tana kunnawa tana kasa kunne, don ta ce kowane da irin kukansa. Daga nan ta jawo sikeli bakin ƙofa ta tsaya. Babu majinyacin da zai wuce gado sai ya tuɓe takalmi ya hau, attajiri ne ko mai kaki. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Sista Sikeli yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Sabon zuwa yakan yi tsaki, ya ce shi ciwon ƙoda ya kawo shi, me ya haɗa shi da awo? Ba ta fushi. Kujera take jawowa ta yi masa bayani dalla-dalla. Hanji ne ke tura abinci da ruwa cikin jini, huhu ya zuba masa iska, hanta ta gyara, zuciya ta harba shi ko'ina. Ita kuwa ƙoda aikinta tacewa, ita ke yanke yawan ruwa da gishirin da za su zauna, sauran ta kore su ta fitsari. In ta gaza, ruwan ba shi da mafita. Kilo ɗaya da ya ƙaru a sikeli, lita ɗaya ce da zuciya za ta yi dakonta.

Wani direban babbar mota ya ji wannan karatu ya fi sau goma, ta kunnen dama ya shiga ta hagu ya fice. Mutum ne mai barkwanci, kullum cewa yake sikelin Sista tsufa ya kama shi, ƙarya yake yi. Wani mako ya tsallake ranar wankinsa ya bi wani lodi. Da ya dawo, matarsa da ƙanensa ne suka shigo da shi riƙe, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, ya kasa kwanciya sai zaune. Sikeli ya nuna kilo biyar sun ƙaru.

Sista ta jingina shi da matasai, ta sa masa iskar numfashi, ta gaya wa matar gaskiya: ruwa ya fi ƙarfin zuciya, ya koma yana taruwa a huhu. Likitan da ke aiki ranar sabon zuwa ne, ya ce a janye lita biyar ɗin duka a zama ɗaya. Ta matsa kusa da shi yadda majinyata ba za su ji ba.

“Likita, ka yi haƙuri in ce wani abu. Yawancin ruwan nan a tsoka yake, bai shigo jijiya ba tukuna. In muka ja da ƙarfi, jijiyar za mu busar, jininsa ya faɗi. Mu cire uku yau, gobe ya dawo.”

Likita ya amince. Awa biyu da fara wanki numfashi ya daidaita, direba har ya soma tsokanar na gadon kusa. Sista na can tana canza wa wata dattijuwa filasta sai ta ji direba ya yi hamma, ya sake yi. Mai shara ta ce ba ta taɓa ganin Sista da sauri irin na ranar ba. Tun injin bai yi ƙara ba ta rage jan ruwa, ta sauke kan gadon, ta ɗaga ƙafafunsa. Aka auna jini, ashe ya fara faɗuwa. Likitan nan yanzu babba ne, kuma shi da bakinsa yake ba ɗalibai labarin hammar.

Washegari ba ta yi wa direba faɗa ba, matarsa ta zaunar. Ta ba ta gora guda mai alama, ta ce abin da zai sha ke nan daga safe zuwa safe, har shayi da romo a ciki. Ta ce a rage gishiri a miya, don shi ke kiran ƙishirwa, in kuma ƙishin ya matsa a ba shi ɗan ƙanƙara ya tsotsa. Direba ya ce wato yanzu mata biyu ke mulkinsa. Sista ta ce ya gode Allah, da kabari ne da babu mai jin ƙorafinsa.

Ke ce, Sista, mai ido a ƙeya. Ke ce kika tsaya shekara da shekaru a kan ƙafafunki har gwiwoyinki suka fara ƙara, kina yi wa ƙodar wasu aiki. Waɗanda kwanansu ya ƙare kin raka iyalansu har bakin ƙofa, kin dawo kin shimfiɗa sabon zani don na gaba. Ba ki taɓa ce wa majinyaci ba zai gane ba. In bai gane yau ba, gobe ki sake da wasu kalmomin.

Direba ya yi shekara huɗu yana zuwa sau uku a mako, bai sake tsallake ko rana ɗaya ba. Ƙanen nan nasa da ya riƙo shi ne ya ba shi ƙoda guda, aka yi dashe a babban asibiti. Kwana biyu bayan aikin, Sista na tsakar haɗa wa wani allura wayarta ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya ta ɗauka ta sa a lasifika, ɗaki duka yana ji.

“Sista, ni ne. Na yi fitsari. Shekara uku rabona da shi.”

Ɗakin ya kece da dariya. Ita kuwa ta gama liƙa filastarta tsaf, ta juya fuska bango, ta goge ido da gefen hannu.

Masu shigowa aikin jinya, ga wadda za ku kalla. Ku san jikin mutum yadda ta san shi, ku kuma riƙa faɗa wa mai jikin abin da kuka sani. Mu sauran jama'a, mu je a duba mana jini da suga tun ƙodarmu na aikinta shiru. Mun gode, Sista. Allah Ya saka miki da alheri, Ya hutar da gwiwoyinki. Direban yana kan titi yau da lodinsa, ya ce a gaya miki duk inda ya ga dama yanzu yakan tsaya ya kama ruwa.