Ɗan Kumfa da Ƙafar Gaba

Faɗanmu na farko da Ɗan Kumfa a kan darona aka yi shi. Na fito zan jiƙa wanki, na nemi daro sama ko ƙasa na rasa, sai na leƙa ta kan katanga na hango shi a rumfar sabon mai facin da ya jingina langa-langansa da bangona. An cika shi da ruwa, an tsoma ƙafar babur a ciki, ga mai facin tsugune ya zuba wa ruwan ido kamar mai duba. Na zagaya na same shi, na tambaye shi ko tare muka je kasuwa ranar da na sayi daron. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce surukata ce ta ara masa, ya ɗaga mini hannu wai kada in girgiza ruwan, kumfa yake jira. Na sa ƙafa na tuntsurar da daron. Tun ranar na raɗa masa Ɗan Kumfa, sunan ya bi shi har matarsa ta koma kiransa da shi.

Dogo ne, siriri, yana ɗingishi da ƙafar dama. Ya ce da can tayoyin manyan motoci yake yi a wani gareji, har wata ta fashe ta tafi masa da kunnen hagu. Haka ya ce. Ni dai na lura kunnen yana ji sarai in mai shayi ya kira shi, sai in an zo da ƙorafi ne yake juyo wa mutum wannan ɓangaren. Matarsa tela ce, ba ta da yawan magana. 'Yarsu ɗaya, kullum shi yake kai ta makaranta a kan wani tsohon babur ja da ya fi ni tari.

Faci kowa yana yi, ba shi ya tara masa jama'a ba. Abin da ya tara masa su, wai yana raba babur mai wayoyi da tub. Kowa ya san ƙafar irin baburan nan wayoyi ne suka riƙe ta, kowace waya kuma da hujinta a jikin wili, shi ya sa ake sa tub a ciki ya riƙe iska. Shi kuwa sai ya zare tub ɗin, ya kankare wilin da samfefa, ya wanke da fetur, ya bi kan kowace waya ya ɗiga mata wani baƙin gam mai warin da ke hana kajina kwanciya a gindin katanga. Ya naɗe da tef, ya soka sabon bawul, ya rataye wilin a ƙusa ya kwana biyu yana bushewa. Sannan ya mayar da taya, ya ba ta iska, ya tsoma a ruwa. In kumfa ba ta taso ba, aiki ya yi. Masu babura suna ta yabo, wai yanzu ƙusa ta shiga ma iska ba ta fita fuu kamar da, sai a soka ɗan roba a toshe a wuce.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san ba a cire wa rago hanji a ce ya fi lafiya. Akwai wata kafa a katangata daidai inda nake zama in tsince wake, ta nan na sa masa ido. Da farko na zaci tub ɗin mutane yake ci, ya sayar. Sai na ga yana naɗe wa kowa nasa ya miƙa masa. Na koma kan gam ɗin, na ce ko sirkawa yake yi. Nan ma ban kama shi ba. Abin ya dame ni, don ruwa ba ya tsami banza, mutumin da ke yawan sunkuyar da kai kuwa akwai abin da yake gani a ƙasa.

Wata rana wani mai ɗaukar burodi da aka yi wa aikin ya dawo da rabin fuska a goge, leɓe kamar an hura. Ya ce yana shan kwana kawai ya ji ƙafar gaba ta zame. Ɗan Kumfa ya juyo masa kunnen hagu, ya ce ramukan hanyar nan sai addu'a. Ya gyara masa bai karɓi komai ba. Mutane suka ce kirki. Ni na ce a raina, kirkin nan da sauri ya fito.

Ba a daɗe ba na ga abin da nake nema. Da tsakar rana, duk an watse cin abinci, sai ga shi ya turo jan baburinsa bayan rumfa, dab da kafar katangata. Ya waiga dama da hagu, ya kwance ƙafar gaba, ya zura hannu ya zaro tub. Tub mai faci ya fi goma, kamar zanen mahaukaciya. Ya ƙara masa wani facin, ya mayar. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Na ci gaba da tsintar wakena, na adana maganar kamar yadda ake adana allura.

Ranarta ta zo da Auta ya turo nasa baburin. Auta ɗana ne na ƙarshe, injin ban-ruwa yake gyarawa, kullum yana cikin hanyoyin gonaki, ƙaya da ƙusa sun gama da shi. Ya gaji da turin babur a rana, ya ce duka ƙafa biyun za a yi masa. Da wannan baburin yake kai 'ya'yansa makaranta, biyu a baya, ƙaramin kuma, wanda nake ce wa angona, a kan tanki yake zama ya riƙe madubi. In ƙafar gaba ta zame, shi zai fara isa ƙasa.

Na yi wa Auta magana a gida, ya yi dariya, ya ce Iya me ta sani a taya. Na ce ba komai, ni da na haifi mai tayar. Na bar shi ya kai, na bari har aka kwance wilin gaba aka ɗauko gam, sannan na yafa mayafi na fita. Rumfar cike take da masu jira. Na wuce su na dafa jan baburin, na zaɓi kunnen dama.

"Ɗan nan, buɗe mini wannan ƙafar ta gaba in ga gam ɗinka."

Ya ce aiki ya yi masa yawa. Na ce zan jira, tsufa ya koya mini zama. Ya ce shi nasa tsohon wili ne, ba ya karɓar gam. Na ce ta baya fa da ya liƙe, ba tare aka haife su ba? Wani ya yi dariya. Na ce to mu yi mai sauƙi: ya liƙe tasa ƙafar gaban yau, ya ɗora 'yarsa a tanki ya kai ta makaranta mako guda, ni da kaina zan riƙe masa wilin Auta ya shafa.

Ya ajiye gam ɗin. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa. Sannan ya ɗauki wilin Auta ya bi cikinsa da yatsa, ya ce wilin da aka ƙera don zama ba tub yana da ɗan tudu da ke riƙe leɓen taya, irin wannan kuwa sumul yake. Muddin iska ta cika, lafiya lau. Amma in wani ya ɗaure waya ɗaya gam ya tsage, ko iska ta rage mai babur bai lura ba, a kwana taya tana iya sakin wili gaba ɗaya. A baya, babur ya yi rawa ka kafa ƙafa. A gaba kuwa, sai ya dubi ƙafarsa ta dama bai ƙarasa ba. Ya ce shi bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, duk wanda ya tambaya yana gaya masa.

"Wa ya taɓa tambaya?"

"Ke, Iya."

Aka liƙe wa Auta ta baya, aka mayar masa da tub a gaba. Ban tafi ba sai da na ga tub ɗin ya shiga da idona, na kuma matsa tayar da babban yatsa. Mutum biyu cikin masu jira suka tura baburansu suka fita. Auta ya yi kwanaki yana cin abinci ba ya kallona, wai na kunyata shi a gaban maza. Angona dai yana nan da haƙoransa, sai waɗanda suka faɗi don kansu.

Bayan haka Ɗan Kumfa ya riƙa faɗa wa masu zuwa zancen ƙafar gaba, da murya mai ƙarfi, yana fuskantar katangata. Ko yana faɗa ranar da na tafi unguwa, Allah masani. Da mai filin da rumfar take ya tashi gina shaguna, aka ce ya kwashe rumfa. Ya loda langa-langa da famfo a mota, ya shigo yi mini sallama, ya durƙusa, ya ce in yafe masa aron daro. Na sa surukata ta ɗauko daron na ba shi, don ya riga ya yi warin gam, ba zani da zai ƙara shiga ciki. Ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa, na kira shi ya juyo, da kunnen dama.

"Inda za ka ma akwai katanga, kuma kowace katanga da tsohuwarta. Ka faɗi zancen ƙafar gaba tun kafin ta fito."