Akwatin Zubeiru Mai Maɓalli Goma Sha Biyu

Zubeiru ɗan ƙanina ne. Shekararsa arba'in da shida, yana zaune a unguwar Kaladan a Tamale, kuma tun yana saurayi ba shi da wata sana'a sai saka kiɗa a gidan biki. Da kaset ya fara, ya koma faifai, daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba, na kuma gaya masa. Amma da shi ya ciyar da 'ya'ya huɗu, sai na kama bakina.

A bukukuwanmu na Tamale kowace ƙungiyar mata tana da waƙarta. Idan za su shiga fili da ankonsu, mai guɗarsu ta rangaɗa, sai a saka musu tasu, ba ta wasu ba. Zubeiru ya san ta kowa.

Sai idonsa ya fara mutuwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Rubutun kwamfutar ya koma masa dishi-dishi, ya ɓoye wa kowa, har matarsa Memunatu. A wani biki a Jisonayili matan Hajiya Sawudatu, masu sayar da atamfa, suka taso, shi kuwa ya laluba ya danna waƙar masu sayar da kifi. Shekara bakwai ƙungiyoyin nan ba sa ga maciji.

Hajiya ta tsaya cak a tsakiyar fili. "Zubeiru, ƙarnin kifi ka ji a jikinmu?"

Ta juya da matanta talatin suka fice. Kafin wata ya ƙare, gidaje uku da suka kira shi sun nemi wani. Kowa ya san in Hajiya ba ta sauko ba, sana'ar ta ƙare.

Na je na same shi da hantsi a zauren gidansa, ya baje wayoyi a kan tabarma, ga gwangwanin biskit ya huda murfinsa wuri goma sha biyu.

"Sana'ar gwangwan za ka koma?" na ce.

"Gwaggo, zauna ki gani. Ko da yake ni ba gani nake ba."

Ya bi bakanikan babur na unguwa ya tattaro tsofaffin maɓallai: na hon, na fitila, na tayar da inji, har da na ƙararrawar ƙofa guda biyu. Da gangan ya ƙi sayen sababbi iri ɗaya, don yatsa ya bambance kowane. A cikin gwangwanin akwai wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba. Ya ce shi ke gaya wa kwamfutar wane maɓalli aka taɓa, da wani yare nasu da ake kira MIDI, manhajar kiɗan kuma ta saki waƙar da aka ɗaura wa wannan maɓallin. Memunatu ce ke liƙa wayoyin da dalma, shi yana riƙe mata. Ta ƙona shi sau biyu. Na biyun ina zargin da niyya ne, saboda ɓoyon da ya yi mata.

Kwana tara suna fama. Wani maɓallin in ka danna sau ɗaya sai ya yi kamar sau uku, waƙa ta riƙa in'ina. Suka kwance, suka sake.

Da aka gama na ce, "To, gwangwaninka ya san waƙa. Ya san wanda ya shigo fili? Kai ba ka gani, shi ba ya gani."

Ya ce, "Gwaggo, shekara ashirin da biyar ina jin guɗar matan garin nan. Ta kowa daban."

Biki na farko da ya samu a Gurugu ne, na dangin Memunatu, su ma don kunya suka kira shi. Bayan la'asar ƙungiya huɗu suka shiga, da guɗa ta tashi sai yatsansa ya sauka daidai. Ina zaune kusa da shi na hango Hajiya Sawudatu ta iso. Ta ɗora yatsa a baki, ta hana mai guɗarta. Mata talatin suka tako cikin fili ba wadda ta ce uffan, sai ƙarar silifa. Jama'a ma suka yi tsit. Na buɗe baki zan raɗa masa, Hajiya ta harare ni.

Zubeiru ya karkata kai, ya ɗan saurara. Sai ya kai hannu kan babban maɓallin hon, waƙar masu atamfa ta tashi.

Hajiya ta taka rawarta har ƙarshe, sannan ta zo gaban teburinsa tana haki.

"Wa ya gaya maka?"

"Hajiya, duk Tamale mutum ɗaya ce za ta shigo fili shiru don ta gwada makaho."

"Marar kunya." Ta ƙwanƙwasa murfin da zobenta. "Asabar ta sama bikin jikata Farhana. Ka zo da wannan tarkacen naka. Kuma ka shafa masa fenti, hoton biskit ɗin nan ba zai shiga gidana ba."