Ranar da Muka Shafe Bakin Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, bakinsa ya koma cikin wata 'yar na'ura baƙa mai buɗewa kamar walat. Ya saye ta ne lokacin yana aikin gwamnati, don ajiye lambobin waya da ranakun taro. Madannanta ƙanana ne kamar ƙwayar dawa. Da yatsa ɗaya na hannun hagu ya riƙa rubuta jimloli yana adanawa, wata bayan wata, har suka taru. In yana son abu, sai ya lalubo jimlar ya miƙo maka allon ka karanta.

Akwai na kullum: a juya ni, a rage gishiri, a kashe rediyo. Wannan ta ƙarshen takan fito duk ranar da aka sa kiɗan soja. Akwai kuma nawa, waɗanda na rantse sun cinye rabin na'urar. "Ɗan nema, sauko daga katanga." "Wa ya sha furata?" A duk Unguwar Rogo babu mai zagina kamar wannan mutumin da ba ya magana. Sai dogayen, waɗanda ya yi makonni yana haɗawa: addu'ar da yake yi wa yayata in ta zo daga gidanta a Wamakko, da wata da Inna kaɗai yake nuna wa, ta karanta ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

A shekarun ƙarshe na mulkin soja abubuwa biyu suka fara mutuwa tare. Allon na'urar ya yi wani baƙin layi a tsakiya, kullum yana ƙara faɗi. Hannun Baba na hagu kuma ya soma rawa, har ya zama da ƙyar yake danna madannin da ke kai shi jimla ta gaba. Sabon rubutu kam ya daina. Kowa a gidan ya san in na'urar ta tafi, Baba ba zai iya sake tara abin da ke ciki ba.

Maƙwabcinmu Ticha, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, yana koyarwa a sakandare. Ya sayi sabuwar kwamfuta wadda matarsa ke buga wa ɗalibai takardu da ita. Shi ya ce ana iya juye abin da ke cikin ƙaramar zuwa cikin babbar a adana, in aka samu wata na'urar a sake zuba mata.

Igiyar haɗa na'urar da kwamfuta da ɗan faifan da ya zo da ita muka tono a tsohon akwatin Baba. Kan igiyar faffaɗa ne, haƙoransa sun fi na kada yawa, ramin bayan kwamfutar kuwa ɗan ƙarami. Ticha ya ce sai an samo mahaɗi. Lokacin ana wahalar mai, layin motoci ya kusa kai Makka, don haka da ƙafa na zaga Sakkwato har silifas ɗina ya nemi a yi masa sallar gawa. A wurin wani mai gyaran rediyo a Minanata na same shi. Daga nan muka zauna jiran wuta, sai wata Lahadi da rana ta zo, su Ticha sun dawo daga coci ke nan.

Baba ya ƙi sakin na'urar. Da Inna ta lallaɓa shi, ni ya harara, ya miƙa wa ƙanensa Bappa, mai sayar da hatsi a kasuwa. Bappa ya naɗe ta a hankici ya rungume kamar jaririn da aka haifa yau.

A falon Ticha aka kawo mana ruwan sanyi, Bappa ya ƙi sha sai da aka roƙe shi. Ya kuma ƙi kujera, ya zauna a ƙasa, dole Ticha ya durƙuso yana aiki a tsugune. Faifan tsoho ne, kwamfutar ta yi ta tofar da shi, da ƙyar ta karɓa. Sai tambaya ta fito da Turanci, Ticha ya fassara mana. Ko ƙaramar ta hau kan babbar, ko babbar ta hau kan ƙaramar.

Ya zaɓi na farko. Wani gargaɗi ya fito, ya ce abin da ke kwamfutar zai shafe. Ticha bai daɗe da fara koyon na'urar ba. Hannunsa ya tsaya, ya waiwayi matarsa da ke bakin ƙofa. Duk aikin mutanen da ta buga yana ciki.

Bappa ya ga wannan waiwayen.

"Ticha, mi tac ce?"

"Alhaji, ina jin ɗakin da aka ware wa taku a cikinta kawai take nufi. Ina jin babu abin da zai taɓa namu."

"Kana ji, ko ka sani?"

Ticha ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kada ka damu, Alhaji, mu gwada."

Bappa ya san irin wannan maganar, don shi ma ita yake yi wa baƙo ko da baƙon ya taka masa kwanon abinci. Ya girgiza kai. "Ba a yi haka ba. Mu shigo gidanka, mu sha ruwanka, kuma abinmu shi hau bisa naka? Taka ita ab babba, ita ad da gida. Ta shiga ta ɗauko da kanta."

Na ce, "Bappa, in ta shiga ba ɗaukowa za ta yi ba fa, ƙila ita ma..."

"Kai, da wa kake? Manya na magana."

Ticha ya ce shi ma yana tsoron hakan. Bappa ya ce kara ce kawai yake yi mana. Suka yi ta tura wa juna alheri kamar masu rigimar wa zai fara shiga ƙofa. Ticha ba zai iya musu da dattijo a gaban yaro ba, kuma matarsa tana tsaye. Ya koma ya zaɓi na biyu. Da wani gargaɗin ya fito bai ma gama fassarawa ba, Bappa ya ce, "Awo, danna."

Aikin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Ƙaramar ta yi ƙara sau ɗaya. Ticha ya buɗe ta, ya danna nan, ya danna can. Ɗakin da aka ware wa tamu a kwamfutar fanko ne, kuma fankon ta zuba a kan jimlolin Baba.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi toka kamar ta Ticha ba. Ya cire igiya ya mayar, ya kashe ya kunna, har aka ɗauke wuta yana dannawa. Bappa ya tambaya ko ba za a roƙe ta ta maido ba.

Da muka koma, Baba yana jingine da matashi yana kallon ƙofa. Bappa ya durƙusa ya miƙa masa. Baba ya buɗe, ya danna madannin, ya sake dannawa. Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa yatsa yana neman harafi, yatsan na zamewa yana buga na kusa. Ya daɗe a haka. Abin da ya fito a allon ba kalma ba ce. Ya rufe na'urar ya tura ta gefen katifa. Inna ta tashi ta shiga madafa, muka ji tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Daga ranar Bappa ya daina zaman kasuwa bayan la'asar. Yakan zo ya zauna a gefen gadon, ya sa ni in riƙe na'urar, shi yana cankar jimlolin.

"Yaya, akwai ta gishiri ko? Yaro, rubuta."

In ya canka daidai Baba ya lumshe ido, in ya kuskure ya kau da kai. Gajerun mun samo da yawa. Addu'ar yayata mun haɗa rabi, ita ta cika mana daga abin da ta tuna, Baba yana kau da kai a kusan kowace gaɓa. Da Bappa ya ce saura wacce, Baba ya dubi ƙofar madafa. Bappa ya kira Inna ya ce ta faɗi tata a rubuta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi, ta dube ni, ta ce ba za ta faɗa a gabanmu ba.