Tuwon Mutum Biyu: Shekara Tara Bayan Yaya Laraba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Laraba makwancinta, wata ranar Alhamis da hadari ya haɗo bai zubar ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan mazajenmu sun rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai muka haɗa komatsanmu a ɗaki biyu na haya wajen Ƙofar Sauri, nan cikin Katsina, muka ci gaba da ci a kwano ɗaya kamar yadda muka taso a ƙauyenmu can wajen Malumfashi. Tun da ta tafi abinci ya daina shiga cikina yadda ya kamata, kuma a kan wannan ne ɗana Ɗanladi yake so ya ɗauke ni daga garin nan ya kai ni Kaduna. Ni kuwa ba na son tafiya. Shi ya sa waiwayen bana ya fi na kowace shekara yi mini nauyi.

Wanda bai san ta ba, Yaya Laraba mai dafa abinci ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata har ta yi ritaya, ni kuma malamar firamare. Mu Kirista ne tun daga iyayenmu. Kowace safiya in mun gama shara sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ni in buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa in karanta da ƙarfi saboda idonta ya yi rauni, ita kuma ta ɗora faifai a cinya tana tsintar wake ko shinkafa. To a nan rigimarmu take. Ina cikin karatu, na kai daidai wurin da ya kamata mutum ya nutsu, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Talatu. Duk wagga tahiya da suka yi, mi suka ci?"

Haba! Sai in ji raina ya ɓaci. In ce, "Yaya, ana maganar ceton rai, ke kina maganar tumbi?" Ta ce ai tumbin ma Allah ya yi shi. Haka za mu yi ta yi har ruwan koko ya tafasa. Ni ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, ita kuwa ko a jikinta, sai ta jira in huce ta sake tambaya.

Abin haushin shi ne, in ta matsa na duba, sai in tarar abincin yana nan a rubuce, ni ce nake tsallake shi. Akwai annabin nan da ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya ce da Allah ya ishe shi haka, ya ɗauki ransa kawai. Ranar da muka karanta wurin, Yaya Laraba ta ajiye faifai gefe. Ta ce, "Kin gani ko? Ba a yi mai wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, an tashe shi an ba shi waina da ruwa. Ya koma ya kwanta, an sake tashe shi ya ci. Sai da cikinsa ya ɗauka kana aka yi magana da shi." Haka kuma yarinyar nan da Almasihu ya tayar daga mutuwa, iyaye suna ta rawar jiki don murna, shi kuwa abin da ya ce a yi shi ne a ba ta abinci. Wannan wurin ta sa na maimaita mata shi ban san iyaka ba, duk ran da na karanta sai ta yi dariya har da buga cinya.

Kuma ba a kan tabarma take barin abin ba. In aka yi rasuwa a unguwa, ko gidan Kirista ko na Musulmi, ba ta daɗewa a wurin zaman gaisuwa, murhu take nufa kai tsaye ta karɓi muciya. In na dawo daga makaranta ina huci saboda wani abu da hedimasta ya yi mini, ba ta sauraron ko kalma ɗaya sai na wanke hannu na ci. Sau da yawa kafin in kai ƙasan kwano rabin maganar ya zube, wannan ma haushi yake ba ni. Wata rana a taron mata a coci ta tashi tsaye gaban kowa ta tambayi Baba Fasto, kwandunan ragowar gurasar nan da aka tattara bayan an ciyar da dubban mutane, wa aka ba? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya yi dariya ya ce ba a rubuta ba, amma tun da Laraba ce ta tambaya, daga yau duk ragowar abincin biki na coci ita za ta san inda za a kai shi. Ta riƙe aikin nan har ƙarshen ranta.

Ciwon nata bai daɗe ba. Hawan jini ne, ya kayar da ita a bakin murhu, muka yi 'yan kwanaki a asibiti, shi ke nan. Da 'yan zaman makoki suka watse na koma madafa, sai na tarar hannuna bai san awon mutum ɗaya ba. In na ɗebo gari, na mutum biyu nake ɗebowa. In tuƙa, in kwashe, in zauna gaban kwano, in yi loma biyu in rufe. Da safe in yi ɗumame, shi ma ya ragu, in zuba wa awakin maƙwabta. Da na gaji da kallon tuwo yana tsami sai na rage dafuwa, daga baya na kusa daina ta ɗungurungum. Shayi da burodi, garin kwaki da ƙuli, wata rana ma sai la'asar in tuna ban sa komai a bakina ba. Karatun safe ban fasa ba, amma a zuci nake yi yanzu. Babu mai ɗaga mini hannu, sai in zarce in gama sura guda cikin ɗan lokaci, in rufe littafin ban riƙe komai ba. Kaɗaici ne, ba wani suna da zan ba shi, kuma ya fi tsanani da safe.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu kafin in tashi daga barci ayoyi sun cika mini waya, kowace da hoton fure ko na fitowar rana. 'Yan cocinmu ne da jikoki, Allah ya yi musu albarka, da zuciya ɗaya suke turowa. Amma a cikin masu turowar nan ban tuna wanda ya biyo da tambayar ko na karya ba. Na san Yaya Laraba da wayar za ta juya gaba da baya tana neman inda aka sa kokon. Da kuma ta shiga Babbar Kasuwa ta ga yadda mata suke tsayawa gaban mai hatsi suna tambayar kuɗin tiya, su ce a auna musu rabi, ko ta ga mutanen ƙauye da rashin tsaro ya koro suna kwana a kangwaye, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Abin da na tabbata shi ne ba za ta tsaya dogon sharhi irin nawa ba, itace za ta nema.

A kasuwar nan na faɗi bara da kaka, a layin 'yan hatsi. Jiri ne ya kwashe ni, na farka na ga mata sun kewaye ni ana yi mini fifita. Likita ya auna nan ya auna can, ya ce, "Mama, ba wani ciwo gare ki ba, yunwa ce." Kunya ta kama ni, ni da ba rasa abin sayen abincin na yi ba. Da Ɗanladi ya zo Kirsimeti ya ga yadda zane yake zagaye ni, bai ko zauna ba.

"Mama, zan dawo in ruwa ya sauka. In na same ki haka, tare za mu tafi, ko kina so ko ba kya so."

Na ce da shi ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Na faɗi maganganu da yawa ranar. Gaskiya gare shi, na sani. Amma me zan yi a Kaduna, a ɗakin bene, in wuni ina kallon bango su suna wurin aiki? A nan kabarin Yaya yake, a nan na san mai kayan miya ya san ni.

Bayan tafiyarsa na ce bari in gwada, ko don in kunyata shi. Na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, kuma kamar kullum ya fito na mutum biyu. A bayan gidanmu akwai wani kango da wasu mata 'yan gudun hijira suke zaune, a cikinsu akwai wata tsohuwa sa'ata mai suna Indo, wadda take ɓare wa 'yan kasuwa gyaɗa ana biyanta. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na zuba rabin tuwon a langa na kai mata, na ajiye a gabanta, na ce ga wannan ba yawa, na juya zan tafi.

"Malama, dawo ki ɗau abinki," in ji ta. "Ni ba bara na zo yi birni ba. A garinmu ba a aje ma mutum tuwo a juya mai baya. In ci za a yi, zamna mu ci."

Kai, na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ga ta riga ta jawo buta tana wanke hannu, ta turo mini. Na zauna a kan buhun gyaɗa. Da yake Musulma ce, na fara ce mata naman da ke cikin miyar daga wurin mahautan kasuwa na saya, ta ce ita ba ta tambaye ni ba. Ta yi bisimilla, na sunkuyar da kai na yi addu'ata, muka sa hannu. Rabon da hannuna ya haɗu da na wani a cikin kwano tun Yaya tana da rai. Hawaye suka zubo mini, ban iya tsayar da su ba. Indo ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta tambayi dalili ba, ta dai ce in ci kafin miyar ta huce. Muka share langar nan tas.

Daga ranar kullum tare muke ci, wata rana a kangon, wata rana a ƙofar ɗakina. Tana da baki, ni ma ina da shi. Ta ce miyata gishiri ya yi mata yawa, na ce harshenta ne ya tsufa. Da azumi ya kama sai na mayar da babban abincina zuwa faɗuwar rana don kada ta sha ruwa ita kaɗai. Wajen Ista, bikin tashin Almasihu, kuma na zo kan labarin mutum biyun nan da suke tafiya a hanya cikin baƙin ciki bayan an gicciye Almasihu, wani baƙo ya bi su suna ta zance ba su gane shi ba, sai da suka matsa masa ya tsaya, suka zauna cin abinci, ya gutsuttsura gurasa, sannan idonsu ya buɗe. Na karanta wurin nan tun ina yarinya. Bana ne na fara tsayawa a kansa da kaina ba tare da an ɗaga mini hannu ba, na daɗe zaune da littafin a buɗe a cinyata.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Laraba, ba shi da yawa a ido. Zannuwanta an raba, tukwanenta 'ya'yanta sun kwashe, 'yan matan da ta ciyar a makaranta sun zama iyaye, da wuya in akwai mai tuna sunanta. Ni ma muryarta ta fara ɓace mini, wannan yana ba ni tsoro. Abin da ya rage shi ne yadda ta koya mini in karanta maganar Allah da safe in neme ta da rana a madafa da bakin ƙofa, a wurin da mutum yake jin yunwa. Ban daina kewarta ba ko kaɗan, kuma Indo ba ta zama ita ba. Na dai ƙara ƙiba har sai da na saki ɗinkin rigunana biyu.

Ruwa ya sauka makon jiya. Ɗanladi ya bugo waya ya ce yana nan tafe ranar Asabar. Washegari Indo ta gaya mini an ce hanyar garinsu ta yi sauƙi, za ta koma ta yi shuka, gonar mijinta ba za ta sake kwana shekara ba a taɓa ta ba. Na ce Allah ya tsare. Na shiga ɗaki na zauna ina kallon akwatina a kan kabad, ina lissafin abin da zai shiga da abin da zan bari.

Shekaranjiya da hantsi na ji sallamarta. Na fito na gan ta da ƙunshin kayanta a ka, mai babur yana jiranta a bakin titi, ta riƙo hannun wata tsohuwa 'yar ƙarama da nake gani a kangon ban taɓa jin muryarta ba.

"Malama, ga Hajo. Ita ba ta da inda za ta koma, an ƙone garinsu. Kuma ba ta da haƙora, sai ki riƙa sassauta tuwon."

Ba ta jira amsata ba, ta saki hannun matar ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba. Muka tsaya ni da Hajo muna kallon juna. Na shimfiɗa mata tabarma, na je na hura wuta. In Ɗanladi ya iso ranar Asabar zai same mu a nan, sai ya wanke hannu ya zauna, in ya ƙoshi ma yi maganar Kadunar.