Ƙarfen Sabis Na Ɗora wa Laifin Ciwon Inna

A shekarun baya ni mai gyaran waya ne a kasuwar Wagini, kuma don ina iya buɗe cikin waya sai nake ganin babu abin da ya shige mini duhu. Lokacin ne aka kafa ƙarfen sabis a bayan gidanmu. Ba a jima ba Inna, mahaifiyata, ta fara kukan ciwon kai, wani sa'in jiri ya ɗebe ta tana tsakiyar tankaɗe. Na taɓa jin wani saƙon murya da ke yawo, wai abin da ƙarfen ke fitarwa yana dafa ƙwaƙwalwa, sai na hau kai na zauna. Yayata ta roƙe ni mu kai Inna asibiti a auna ta, na ce mata ni da ke cikin harkar na fi ta sanin ciwon.

Na goya Inna a babur na kai ta rugar kawuna, can bayan Tsaskiya, inda sabis ba ya kaiwa ko kaɗan, har ina alfahari da dabarata. Kwana tara da zuwanta na je duba ta da hantsi, na tarar tana dama fura. Tana cikin amsa gaisuwata ludayi ya suɓuce mata, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Ko zama a babur ba ta iyawa. Na zaro waya in kira mai mota, babu sabis. Kawu ya nuna mini wani dutse mai nisa, ya ce sai a kansa suke samu. Na ruga ina hawa ina zamewa, ina ɗaga waya sama ina roƙon Allah sabis ɗin da na raba ta da shi. Da ƙyar na samu na kira mai motar, sai bayan la'asar muka isa asibiti.

Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta, da an auna ta da wuri da magani ya riƙe shi. Na tambaye shi batun ƙarfen, ya ce ba shi ya kwantar da ita ba.

Inna ta rayu, amma hannunta na dama bai dawo ba. Har yau ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi gara ta zage ni. Duk mai mara lafiya a gida, ya fara kai shi a auna kafin ya nemi abin ɗora wa laifi. Ni na tsaya faɗa da ƙarfe, ga Inna can tana cin tuwo da hagu.