Butar Ƙarfe Tara

Auta ake ce mata har yau, duk da ta ba shekara talatin baya. A shagon buga takardu take aiki, tana tsara katin gayyata da takardun makaranta a kwamfuta. Ranakun hutu kuwa, maimakon ta huta kamar sauran bayin Allah, sai ta duƙufa kan wata manhaja ta kyauta da suke haɗawa su kusan ashirin, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Kana maƙala 'yar na'ura a jikin mitar gidanka, sai wayarka ta riƙa nuna maka wutar da gidan ke sha, minti bayan minti, a zane mai hawa da sauka. Wanda ya yarda sai ya ba da bayanan gidansa, a cire suna, a tara wuri ɗaya domin kowa ya kwatanta.

Dokokinsu biyu ne, kuma Auta tana ji da su. Ba mai shigar da gyara sai wani ya duba, kuma duk matsalar da aka gani a shafin ƙorafi ake rubuta ta, inda kowa zai karanta.

Lokacin da ake neman gidajen gwaji, Auta ba ta yi dogon tunani ba ta maƙala ɗaya a gidan Yayanta. Gida ne mai sauƙin karantawa: Yaya yana kula da sito a wata masana'anta, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, yara na makaranta, daga takwas zuwa uku firji kawai ke numfashi. Ta tambaye shi yana ɗaura igiyar takalmi, ya ce, "Sa mana, ke da kayan wahalarki." Ta sa wa matarsa, wadda take kira Anti, manhajar a waya. A cikin tarin bayanan kuwa gidan ya zama gida na bakwai.

Wata safiya wani da suke kira Mai Tsefe, saboda ba abin da ke wuce masa, ya buɗe ƙorafi. Ya rubuta cewa mako bakwai ke nan gida na bakwai ya canza hali. Ƙarfe tara daidai wuta kan yi tsalle na minti huɗu, kamar an kunna butar lantarki, daga nan wani abu mai kama da fanka ya yi ta juyawa har ƙarfe biyu. Ya tambaya: na'urar ce ta lalace, ko ɓangaren da Auta ta rubuta ne ke ɓata lissafin lokaci?

Ba a taɓa samun mai rubuta manhaja da ya yi fatan laifin ya zama nasa kamar Auta ba. Kwana biyu tana bin rubutunta layi-layi. Ba kuskure ko ɗaya. Rana ta uku ta nemi izini a shago, ta tafi gidan da misalin goma.

Yaya ne ya buɗe ƙofa, daga shi sai singileti. Rigar aikinsa na rataye a bayan kujera don kada ta yamutse, ga kofin shayi a kan tebur.

"Me kike yi a nan?"

"Ni ya kamata in tambaya, Yaya."

Bai ɓoye ba. An rage ma'aikata, har da shi. Kullum yakan fita tare da Anti, su rabu a bakin titi, ya zagaya ta bayan layi ya dawo, ya sake fita kafin yara su taso. Yana neman wani aikin, in ji shi, idan ya samu sai ya faɗa mata gaba ɗaya, da rashin da samun.

"Wa ya gaya miki?"

Ta nuna masa zanen, da tudun ƙarfe tara. Ya daɗe yana kallo.

"Mutum nawa ke ganin wannan?"

"Babu suna a jiki, Yaya."

"Ban tambaye ki suna ba. Ita tana gani?"

Ai da hannunta Auta ta sa wa Anti manhajar. Tsoro ya kama ta sosai, ga kunya. Shi ne ya kai ta makaranta a kan keke shekara shida, yau ga shi ta baje shi a intanet kamar shanya.

"Ki zo ki cire abinki," ya ce. "Kafin nan na san abin yi."

Ta koma shago. Ta cire gida na bakwai daga tarin bayanan, ta rubuta wa Mai Tsefe cewa ba laifin na'ura ba ne, mai gidan ne ya janye. Amma ta fi kowa sanin cewa a irin aikinsu gogewa ba ta share tarihi, duk wanda ya kwafa ya riga ya kwafa. Har ta yi tunanin sa wani gyara da zai shafe awannin rana a wayar Anti. To wa zai duba ya amince? Mai Tsefe? Dokar da take taƙama da ita ce ta tare mata hanya.

Na'urar kuma ta kasa zuwa cirewa, don ba ta san abin da za ta ce wa Anti ba. Kwana biyu tana leƙa zanen. Daga takwas zuwa uku layi ya kwanta shamal, sai firji.

Ana cikin haka Anti ta kira ta daga asibiti, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, abin nan naki ya lalace ne?"

"Me kika gani, Anti?"

"Ban ga komai ba, shi ne damuwar. Kwana biyu ba buta, ba fanka. Ina yake zuwa?"

Auta ta zauna a kan kwalin takarda.

"Dama kin sani?"

"Tun satin farko. Shekara goma sha huɗu muna tare, ai ko ba zanenki zan gane. Na bar shi ne ya faɗa da bakinsa. Amma kullum ƙarfe tara nakan ɓuya a ɗakin magani in duba. Idan na ga ya hau, na san yana gida, ya sa wani abu a cikinsa, sai in iya aiki. Jiya sau biyu ina neman jijiyar mara lafiya ina kasawa."

Auta ba ta nemi izinin kowa ba wannan karon. Ta tarar da Yaya zaune a falo, tagogi a rufe, fanka a kashe, gumi ya jiƙa singiletin. Ko wayarsa bai sa a caji ba. Ashe abin yin da ya ce ya sani ke nan.

"Kin zo cirewa?"

"Yaya, ta sani. Tun satin farko."

Ta maimaita masa maganar Anti yadda ta ji ta, har da ɗakin magani, har da jijiyar. Ya sunkuyar da kai har Auta ta fara jin tsoron ta ƙara ɓata abin.

Can ya tambaya, "Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya saura."

"Kuma tana dubawa?"

"Ina jin wayar na hannunta."

Ya miƙe ya shiga kicin. Auta ta ji ƙarar famfo, ta ji ya ɗora butar, ya danna. Ta duba wayarta, layin ya ɗaga. Butar ba ta kai ga tafasa ba wayar Yaya ta fara ruri a kan tebur. Ya fito yana goge hannu a jikin wando, ya tsaya a kanta, sannan ya ɗauka.